Shin da gaske ne inda direbobin manyan motoci suka tsaya nan ne abinci mai kyau yake?

Baban_Yara:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina shirin doguwar tafiya a mota tare da iyali, tafiyar da za ta cinye yini guda a kan hanyar da ban saba da ita ba, saboda haka dole mu tsaya domin karin kumallo, mu kuma sake tsayawa domin abincin rana. Na sha jin ana cewa duk inda ka ga manyan motoci sun jeru a bakin hanya, to nan ne abinci mai kyau yake, domin direbobinsu sun fi kowa sanin hanya. Ina so in ji daga masu yawan tafiya ko wannan magana tana da tushe. Idan kuma ba ta da shi, da me kuke gane wurin da ya dace a tsaya?

Tsohon_Direba:
Wa alaikumus salam, Baban Yara. Na daɗe ina tuƙa babbar mota kafin in ajiye aikin, kuma zan gaya maka cewa maganar tana da gaskiya, amma ba gaskiyar da mutane suke zato ba. Abin da direban tirela yake fara dubawa shi ne filin ajiye mota. Motar da tsawonta ya haura mita 16 ba ta shiga ko'ina, kuma ba ta juyawa a ƙaramin fili, don haka da yawa daga cikin gidajen abinci masu kyau sun fita daga lissafinsa tun bai ɗanɗana komai ba. Bayan fili sai ya duba ko ana ba da abinci da sauri, ko ana cika kwano, ko akwai ruwan wanka, da kuma ko zai tarar da abokan sana'a. Daɗin abinci yana can bayan waɗannan duka.

Abin da ya sa duk da haka nake cewa ka yi amfani da alamar shi ne, direba yana komawa. Yana bin hanya ɗaya mako bayan mako, kuma idan wani wuri ya ɓata wa mutum biyu ko uku ciki, labarin zai zagaya cikin direbobi kafin mako ya ƙare, filin kuma ya koma wayam. Saboda haka jerin motocin yana nuna maka cewa za ka ƙoshi, kuma da wuya ka kwana da ciwon ciki. Ko maiɗakinka da yaranka za su ji daɗin zama a wurin, wannan wata tambaya ce daban.

Mai_Bincike:
Abin da Alhaji Tsohon Direba ya faɗa yana da tarihi a wasu ƙasashe. A Faransa, a shekarar 1934, wani ɗan jarida mai suna François de Saulieu ya kafa jarida domin direbobin manyan motoci, daga nan kuma aka samu tsarin gidajen abinci da ake kira Relais Routiers, masu ɗauke da tambari zagayayye mai launin ja da shuɗi. Tun asali an yi su ne domin direbobi su samu abinci mai ƙosarwa a farashi mai sauƙi, amma daga baya sauran matafiya suka koyi neman wannan tambari. Kafin wannan ma, a 1900, kamfanin taya na Michelin ya fara raba wa masu motoci littafin jagora kyauta, lokacin da motocin ƙasar duka ba su kai 3,000 ba, domin mutane su yi ta tafiya tayoyinsu su yi ta cinyewa. A 1926 suka fara ba gidajen abinci tauraro. Abin sha'awa shi ne ma'aunin nasu na matafiyi ne: tauraro biyu yana nufin wurin ya cancanci a ratse daga hanya dominsa, uku kuma yana nufin ya cancanci a yi tafiya takanas.

Uwar_Tagwaye:
Malam Mai Bincike, mun gode da tarihin, amma mai tambaya yana da yara a kujerar baya, kuma yaro mai jin yunwa ba ya jiran tauraro. Ni shawarata a kan karin kumallo ita ce a taho da shi daga gida. Da sassafe gidajen abinci da yawa ba su buɗe ba, waɗanda suka buɗe kuwa ba za ka san ko tukunyar da ke gabanka ta safiyar nan ce ko ta daren jiya ce aka ɗumama ba. Burodi, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, 'ya'yan itatuwa da shayi a cikin filas sun isa. Sai ku yi tafiyar awa biyu cikin sanyin safiya yara suna barci, sannan ku nemi wuri mai inuwa da banɗaki ku ci a natse. Wannan ya rage muku neman wuri ɗaya kawai, na rana.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Ina goyon bayan Hajiya Uwar Tagwaye a kan tukunyar daren jiya, kuma zan so in ɗan faɗaɗa, domin a nan ne ainihin haɗarin yake. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 600 ne suke kamuwa da rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, wajen 420,000 kuma suna rasuwa, kuma kusan 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri ne a cikin abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, wato wanda ba shi da sanyin firji, ba shi kuma da zafin tukunyar da ke kan wuta. Shi ya sa hukumar take cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai.

Shinkafa tana da nata matsalar ta musamman. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da take iya tsira daga dahuwa, idan kuma aka bar shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta fitar da guba, gubar da sake ɗumamawa ba ya kashewa. Wanda ya ci yakan fara amai cikin awa ɗaya zuwa biyar, wato daidai lokacin da yake tsakiyar hanya.

Saboda haka amfanin cunkoson mutane, direbobi ne ko waninsu, shi ne tukunya tana ƙarewa da wuri a ɗora wata. Wannan ya sa lokacin isowarka yana da muhimmanci kamar wurin kansa. Gidan abincin da yake da aminci da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da ake ta sauke tukwane, yana iya zama abin tsoro da ƙarfe huɗu, lokacin da ragowar ce kawai take jiran mai tsautsayi. Ku nemi abin da tururi yake tashi daga cikinsa, ko wanda za a dafa ko a gasa a gaban idonku. Ku guji ɗanyen ganye da aka yanka tun safe, da 'ya'yan itatuwan da wani ya fere muku, da ƙanƙarar da ba ku san da wane ruwa aka yi ta ba.

Ɗan_Kasuwa_77:
Malama, ban yarda cewa kowane cunkoso alama ce ta alheri ba. Akwai wuraren da manyan motocin fasinja suke tsayawa, inda za ka ga mutane sun cika maƙil, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ya zaɓi wurin. Direban bas ne ya zaɓa, sau da yawa kuma saboda shi ana ba shi abinci kyauta ko wani ɗan ihsani. Fasinjan yana da minti ashirin, ba shi da wani zaɓi, kuma mai abincin ya san ba zai sake ganinsa ba, to me zai sa ya wahalar da kansa? Wannan kishiyar abin da Alhaji ya bayyana ne. Ni abin da nake dubawa shi ne su wane ne suke cikin cunkoson. Idan na ga ma'aikatan ofis, da masu shaguna, da malaman makaranta na garin suna shigowa a ƙafa, na san mutanen da za su dawo gobe ne.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Wannan ƙari ne mai kyau, Malam. Sai dai ta fuskar lafiya kaɗai, tukunyar da fasinjoji suke ƙararwa duk rabin awa ta fi wadda ta wuni tana jira, ko da abincin bai yi daɗi ba.

Mai_Taswira:
Na yi mamaki har yanzu babu wanda ya ambaci waya. Manhajar Google Maps tana ba mutum damar neman gidajen abinci da suke kan hanyar da ya riga ya shata, tana nuna mintunan da ratsewar za ta ƙara masa, a wurare da yawa ma tana nuna lokutan da aka fi cika. Amma akwai yadda ake karanta ta. Wurin da yake da tauraro biyar daga mutum shida bai gaya maka komai ba, domin mai yiwuwa 'yan'uwan mai wurin ne. Wanda yake da huɗu da ɗigo biyu daga mutum ɗari takwas ya fi shi abin dogaro. Ni nakan tsara sharhin daga sababbi zuwa tsofaffi, domin gidan abinci yana canja mai dafuwa ko ya canja hannu, yabon shekara uku da suka wuce kuma ya zauna a wurin. Sannan nakan karanta mafi muni. Idan ƙorafin duka a kan jinkiri ne ko fuskar ma'aikaci, ina iya haƙuri. Idan mutum uku da ba su san juna ba sun ambaci ƙazanta ko ciwon ciki, na wuce. Hotunan da masu ci suka ɗauka sun fi na mai wurin gaskiya.

A yi wannan binciken tun daren jajibirin tafiya, a ware wuri biyu ko uku a daidai inda ake sa ran rana za ta yi, a kuma sauke taswirar cikin waya saboda wuraren da babu sabis. A kan hanya kuwa, wanda yake zaune a gefe ne zai riƙe wayar, ba mai riƙe da sitiyari ba.

Ɗan_Kasuwa_77:
Yaya Mai Taswira, matsalar ita ce mafi yawan wuraren da ake maganarsu a nan ba su cikin taswirar kwata-kwata, waɗanda suke ciki kuma lokutan buɗewarsu sau da yawa ba daidai ba ne. Na taɓa ratsewa mai nisa saboda wani wuri da wayar ta ce a buɗe yake, na tarar da ƙofa a garƙame da alamar an daɗe da tashi. Ga kuma sharhin ƙarya, wanda ya yi yawa har hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da shi. Idan a can sai da aka yi doka, ba na jin akwai inda ya tsira.

Malam_Dattijo:
Tun kafin a ƙirƙiro waya ake tafiya, kuma matambayi ba ya ɓata. Sai dai a san irin tambayar. Idan ka tsaya a gidan mai ka ce wa mai zuba maka man, ina ne gidan abinci mai kyau, zai dubi motarka da tufafinka ya tura ka wurin da yake ganin ya dace da kai, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada, shi kansa kuma bai taɓa cin abincinsa ba. Ka tambaye shi inda shi yake cin nasa abincin rana, sannan ka tambaye shi inda zai kai iyalinsa idan ya samu hali. Amsoshin biyu sukan bambanta, kai kuma kana neman na biyun. Ma'aikatan kantin magani da masu gyaran taya su ma sun san gari. Idan mutum biyu da ka tambaya daban-daban suka ambaci wuri ɗaya, ka tafi can.

Direban_Dare:
Ana ta maganar inda za a ci, ni kuwa damuwata abin da zai biyo bayan cin. Jikin ɗan Adam yana da lokuta biyu da barci yake fi rinjayarsa, tsakiyar dare zuwa asuba, da kuma bayan tsakar rana, wajen ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, ko an ci ko ba a ci ba. Idan aka ɗora abinci mai nauyi da maiƙo a kan wannan, gyangyaɗi ba ya sallama. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka rufe ido na daƙiƙa uku ya fi mita 80 da aka yi babu mai tuƙi. A nan ne nake ganin bin sawun direbobin tirela zai iya cutar da Baban Yara. Kwanon da ake cika musu an yi shi ne domin mutumin da zai miƙe ƙafa bayan ya ci. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta musu hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Mai ƙaramar mota kuwa yana haɗiye lomar ƙarshe yana laluben makulli.

Littafin ƙa'idojin hanya na Birtaniya yana ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu ta tuƙi. Idan aka bi wannan, to a tafiyar yini guda za a tsaya sau huɗu ko fiye, ba sau biyu ba, kuma babu dalilin cika ciki a zama ɗaya. Direba ya ci rabin abin da ya saba, ya sha ruwa sosai, ya ɗan taka. Idan zai sha kofi, ya tuna cewa yana ɗaukar wajen minti ashirin kafin ya fara aiki, don haka ya sha, ya kishingiɗa na wannan ɗan lokaci, sannan ya tashi.

Tsohon_Direba:
Ƙanena Direban Dare ya faɗi gaskiya, kuma duk wanda ya daɗe a hanya ya ga abin da barcin bayan abinci ya yi wa mutane. Amma babu wanda ya ce dole ka cinye abin da aka zuba maka. Ana iya neman rabin kwano a ko'ina.

Hajiya_Mai_Haƙuri:
Ina da ciwon suga kuma ina amfani da allurar insulin, don haka a wurina lokacin cin abinci ya fi wurin cinsa muhimmanci. Shawarar "bari mu ƙara gaba kaɗan, wataƙila mu samu wanda ya fi" tana da haɗari ga irinmu, domin sugan jini yana iya faɗuwa mutum ya rikice yana kan sitiyari. A Birtaniya, hukumar da take ba da lasisin tuƙi tana umurtar masu amfani da insulin su auna jininsu cikin awa biyu kafin su fara tuƙi, su kuma maimaita bayan kowace awa biyu. Duk motar da take ɗauke da mai wannan ciwo, ko tsoho, ko mai juna biyu, ya kamata a samu abin ci mai zaƙi da wani ɗan abin taɓawa a inda hannu zai kai, ba a cikin but ba. Wuri matsakaici a kan lokaci ya fi mini wuri mai kyau bayan awa ɗaya.

Uwar_Tagwaye:
Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Ni kuma abin da nake yi kafin kowa ya sauko daga mota shi ne in shiga in duba banɗaki da wurin wanke hannu. Idan babu ruwa da sabulu, na san mai dafuwar ma ba shi da inda zai wanke nasa hannun, sai mu wuce.

Mai_Bincike:
Hajiya, wannan ma'auni yana aiki ta fuska ɗaya kawai. Banɗaki mai ƙazanta yana iya nuna sakaci, amma mai ƙyalli ba ya tabbatar da komai game da kicin, domin masu wurin sun san baƙo yana ganin banɗaki, ba ya ganin inda ake yanka nama. Shi ya sa wurin da ake dafa abinci a fili, ko da ba shi da ado, yana ba ka abin da babban gidan abinci ba ya ba ka: kana ganin ko wanda yake karɓar kuɗi shi ne yake taɓa abinci da hannun, ko wuƙar ɗanyen nama ita ce ta dafaffe, ko ruwan wanke kwanuka ana canja shi.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Ina da gargaɗi ga masu tahowa da abinci daga gida, domin shi ma ba ya tsira don kawai a gida aka dafa shi. Cikin motar da aka ajiye a rana yana yin zafi fiye da waje nesa ba kusa ba, kuma hukumomin abinci na Amurka suna rage ƙa'idar awa biyun zuwa awa ɗaya idan zafin wurin ya wuce digiri 32. Nama, kifi, madara da dafaffiyar shinkafa suna buƙatar akwatin sanyi mai ƙanƙara idan za su kai rana. Karin kumallon da za a ci cikin awa biyu da fitowa ba shi da matsala.

Sannan zan koma kan hujjar Alhaji cewa labarin wurin da ya ɓata ciki yana zagayawa. Matsalar ita ce mutane sukan ɗora laifi a kan abincin ƙarshe da suka ci, alhali ba lallai shi ne ba. Cutar Salmonella tana iya ɗaukar daga awa shida har zuwa kwana shida kafin ta bayyana, norovirus kuma awa 12 zuwa 48. Direban da ya ci a wuri huɗu cikin kwana biyu ba shi da hanyar sanin wanne ne ya kayar da shi. Haka ma masu rubuta sharhi a waya. Don haka ana iya ɓata sunan wuri mai tsabta, mai laifin kuma ya ci gaba da cika.

Tsohon_Direba:
'Yata, mutum ɗaya yana iya kuskuren gane wurin, wannan na yarda. Amma direbobi ɗaruruwa ne suke bin hanya ɗaya, kowanne da inda ya tsaya kafin nan da bayan nan, kuma idan sunan wuri ɗaya ya yi ta fitowa a bakin mutanen da ba su haɗu a ko'ina ba sai a can, ba sai an kai jini asibiti ba. Abin yana ɗaukar lokaci, amma yana fitowa.

Baban_Yara:
Na gode ƙwarai da waɗannan bayanai. Karin kumallo dai za mu taho da shi. Abin da ya rage mini shi ne batun ratsewa: idan wurin da aka yaba yana cikin gari, nesa da babbar hanya, har zuwa wane nisa ya dace a shiga?

Mai_Taswira:
Ka lissafa da mintuna, ba da kilomita ba, domin kilomita biyar a cikin gari da tsakar rana suna iya cin rabin awa. Minti goma shiga, minti goma fita, ni ina ganin ya dace, tunda cin abincin iyali ba ya kasa awa guda ko a ina aka tsaya. Abin da ba ka so shi ne ratsewar ta sa ka ƙarasa tafiyar cikin duhu a hanyar da ba ka sani ba.

Ɗan_Kasuwa_77:
Ni zan shiga har minti ashirin idan mutanen gari ne suka nuna mini wurin, domin bambancin abincin cikin gari da na bakin titi yakan kai haka. Sharaɗina ɗaya ne, in samu inda zan ajiye motar ina hango ta daga inda nake zaune, tunda kayan tafiya duka suna ciki.

Direban_Dare:
Minti ashirin shiga da ashirin fita, ga awa guda ta cin abinci, kusan awa biyu ke nan daga hasken rana. Ga mai tafiya shi kaɗai babu laifi, amma wanda yake ɗauke da yara ya fara duba ƙarfe nawa rana take faɗuwa a ranar, ya ƙirgo baya, sannan ya ga ko yana da waɗannan mintuna.